SHARHI: Injiniyan sa ido, kwangilar da ake rainawa a ayyukan magudanan noman rani

A ranar 10 ga Satumba, 2024 ne ruwan madatsar Alau ya ɓalle, ya mamaye unguwanni masu yawa a Maiduguri, ya raba ɗaruruwan dubban mutane da gidajensu. Kafin watan ya ƙare, Bankin Duniya ya amince wa Najeriya bashin Dala miliyan 500 domin shirin SPIN, wanda aka tsara don inganta lafiyar madatsun ruwa da gyara harkar ban-ruwa a fili mai faɗin hekta 40,000. A farkon 2025 kuma Gwamnatin Tarayya ta amince da kashe Naira biliyan 80 wajen sake gina madatsar ta Alau.

Kuɗi dai sun samu, aƙalla a takarda. Kaso mai tsoka daga cikinsu zai tafi ne wajen haƙa da gyaran magudanan da ke ɗaukar ruwa daga madatsa zuwa gona, waɗanda manoman Kura da Kadawa ke kira kanal. Idan lokacin rabon kwangila ya yi, hankalin kowa kan karkata ga babban ɗan kwangila, mai katafila da manyan motoci, domin a wurinsa biliyoyin suke. Kwangilar da ba a cika yi wa bikin sa hannu ba ita ce ta injiniyan da zai tsaya a madadin gwamnati, ya duba aikin tun daga haƙar farko har zuwa ranar da za a saki ruwa.

Kuɗin wannan kwangila ba su da yawa idan aka kwatanta da na ginin, galibi ba su kai kashi 10 cikin 100 ba. Sai dai sa hannun wannan injiniya ne ke buɗe asusun gwamnati ga ɗan kwangila. Duk abin da ya ce an yi, shi za a biya. Saboda haka yadda aka ɗauke shi, da lokacin da aka ɗauke shi, da ikon da aka ba shi, su ne ke nuna ko ruwa zai isa gonar ƙarshe ko zai maƙale a hanya.

Abin da ya bambanta kanal da titi

Titin da aka yi wa aikin ha'inci yakan ɗauki mota na ɗan lokaci kafin ramuka su bayyana. Kanal ba ta da wannan sassauci, domin ruwa ba ya hawa tudu. Yawancin manyan magudanan noman rani a Arewa ba injin ne ke tura ruwansu ba, gangara ce kawai, kuma gangarar ƙarama ce ƙwarai. Ana iya tsara babbar kanal ta riƙa sauka da santimita 10 zuwa 20 kacal a kowace kilomita. Idan mai awo ya yi kuskuren santimita 10 a cikin kilomita guda, to ya ci rabin gangarar ko ma dukkanta. Ruwa zai rage gudu a wurin, yashi da laka su kwanta, ciyawa ta samu wurin zama, manomin da ke ƙarshen layi kuma ya wayi gari babu ko ɗigo.

Abu na biyu shi ne, mafi yawan aikin kanal binne shi ake yi. Ƙasar da ake cika gefen magudana da ita, ƙa'ida ita ce a zuba ta hawa-hawa, kowane hawa bai wuce kimanin santimita 20 ba, a jiƙa shi daidai, a danne shi da rola, a auna ƙarfinsa kafin a ɗora na gaba. Ɗan kwangilar da ke sauri zai iya zuba rabin mita lokaci guda, ya bi samansa da rola sau biyu, ya shimfiɗa kankare. A ranar ƙaddamarwa babu wanda zai gane. Bayan damina biyu ƙasar za ta zauna, kankaren ya tsage, ruwa ya fara tsiyaya ta ƙarƙashi.

Haka batun kankaren kansa yake. Ana ɗibar samfuri a lokacin zubi, a gwada ƙarfinsa bayan kwana 7, a sake gwadawa bayan kwana 28. Idan babu wanda ya tsaya a wurin ranar da aka kwaɓa, babu yadda za a yi kwamitin da ya taso daga Abuja bayan wata shida ya san buhun siminti nawa aka sa. A yankunan da ke da baƙar ƙasa mai kumbura da damina ta tsattsage da rani, irin wadda ta yawaita a kewayen Tafkin Chadi, matsalar ta fi tsanani, domin ƙasar da kanta takan fasa abin da aka ɗora mata idan ba a yi mata tanadi ba.

Wannan ne ya sa aikin sa ido a kan kanal ke buƙatar mutumin da zai tare a wurin, tare da masu awo da ɗakin gwajin ƙasa da kankare. Ziyarar wata-wata ba ta wadatarwa.

Darussan da aka riga aka biya kuɗinsu

Najeriya ba baƙuwa ba ce a wannan fage. An kammala madatsar Tiga a 1974, a zamanin mulkin Audu Baƙo, kuma daga cikinta ne ake shayar da aikin noman rani na Kogin Kano, wanda aka tsara kashinsa na farko a kan hekta 22,000. A 1976 aka kafa hukumomin raya kogunan ƙasar, waɗanda a yau suka kai 12. Cikin 'yan shekaru kaɗan aka narka kuɗin man fetur a manyan ayyuka, kuma biyu daga cikinsu sun bar darasin da ya shafi ɗaukar injiniya kai tsaye.

Na farko shi ne aikin noman rani na Kudancin Tafkin Chadi, a yankin Marte ta Jihar Borno. An tsara shi domin shayar da hekta 67,000, aka haƙa doguwar kanal ta kusan kilomita 30 da za ta jawo ruwan tafkin zuwa injinan turawa. An fara amfani da shi a 1979. Tafkin da faɗinsa ya kai kimanin murabba'in kilomita 25,000 a farkon shekarun 1960 ya ci gaba da janyewa, har ta kai a tsakiyar shekarun 1980 bakin kanal ɗin yana kan busasshiyar ƙasa. An ɗora lissafin aikin ne a kan shekarun da ruwa ya yi yawa. Darasin a nan shi ne, injiniyan da za a ɗauka domin sa ido ya kamata a ba shi damar sake duba zanen aikin da alƙaluman ruwan da aka gina shi a kansu kafin a fara haƙa. Wanda aka ce masa aikinsa kawai ya tabbatar an bi zane, zai iya tsayawa a kan aiki har a kammala kuskure ba tare da ya saɓa wa kwangilarsa ba.

Na biyu shi ne Bakolori, kusa da Talata Mafara, inda aka kammala madatsa a 1978. Kamfanin Impresit na ƙasar Italiya yana da hannu a nazarin da ya ba da shawarar a yi babban aiki, sannan yana cikin kamfanin haɗin gwiwa da gwamnati wanda aka bai wa ginin. Babban ɓangaren filin an tsara shi ne da na'urorin feshin ruwa masu buƙatar wutar lantarki da kayan gyara, waɗanda daga baya suka daina aiki. Manoman da aka karɓe wa gonaki suka yi ta kukan diyya, suka tare hanyoyin aikin, har a watan Afrilun 1980 'yan sanda suka far musu, aka rasa rayuka. Idan mai ba da shawara da mai gini suna cin tuwo a kwano ɗaya, babu mai tsayawa ya ce aikin ya yi girma ko ya yi tsada, kuma babu mai ganin manomi a matsayin wanda ake yin aikin dominsa.

Shekaru fiye da 30 bayan haka, sai da Najeriya ta sake karɓar bashin kusan Dala miliyan 495 daga Bankin Duniya a 2014, a ƙarƙashin shirin TRIMING, domin farfaɗo da Bakolori da Kogin Kano da Kwarin Haɗeja da Tsakiyar Rima da Dadin Kowa. Wani ɓangare na lalacewar rashin kulawa ne na shekaru, irin su yashin da ya cike magudanai da ciyawar kacala da ta toshe hanyoyin ruwa a Haɗeja. Amma abin lura shi ne, a wasu wuraren ƙasar ta biya kuɗin kanal ɗaya sau biyu, na biyun da bashi.

Abin da Panama ta koya wa duniya

Tarihin mashigin ruwan Panama kusan tarihin ɗaukar injiniya ne. Faransawa sun fara aikin a 1881 ƙarƙashin Ferdinand de Lesseps, wanda ya yi suna da mashigin Suez da aka buɗe a 1869. Shi jami'in diflomasiyya ne, ba injiniya ba, kuma ya dage sai an haƙa mashigin daidai da doron teku duk da gargaɗin da aka yi masa game da duwatsu da ruwan saman yankin. Kamfanin ya durƙushe a 1889, bayan mutuwar ma'aikata kimanin 22,000, yawancinsu saboda zazzaɓin shawara da na cizon sauro.

Da Amurka ta karɓi aikin a 1904, babban injiniyanta na farko, John Wallace, bayan kimanin shekara guda ya ajiye aiki. Daga cikin abin da ya dame shi har da kwamitin da ke Washington, wanda sai ya amince kafin a sayi kayan aiki. Wanda ya gaje shi, John Stevens, ya sassauta haƙa, ya fara gyara layin dogo da gidajen ma'aikata, ya mara wa likita William Gorgas baya wajen yaƙi da sauro. Shi ma ya tafi a 1907. Daga nan Shugaba Theodore Roosevelt ya naɗa injiniyan soja, George Goethals, ya tattara masa iko a hannu ɗaya. Shi ya zauna har aka buɗe mashigin a ranar 15 ga Agusta, 1914.

Ma'aikacin gwamnati a Abuja zai iya gane kansa a cikin wannan labari. Ƙwararren injiniyan da sai fayil ya zaga ofis bakwai kafin a amsa masa wasiƙa, ƙwarewarsa ba ta da amfani ga aikin.

Inda doka ta tsaya

Dokar Bayar da Kwangiloli ta 2007 ta raba hanyar ɗaukar ɗan kwangilar gini da ta ɗaukar ƙwararru. A aikin gini, wanda ya cika sharuɗɗa kuma farashinsa ya fi sauƙi shi ake bai wa. A aikin ƙwararru kuwa, dokar ta ware sashe na musamman da ya tanadi a nemi masu sha'awa, a tace su, a auna ƙwarewarsu, sannan a dubi farashi. Dokokin Bankin Duniya, waɗanda ake bi a ayyukan da ya ba da bashinsu, su ma haka suka tanada, kuma an saba bai wa ƙwarewa maki 70 ko 80 cikin 100.

Misali zai nuna muhimmancin wannan rabo. A ce kamfani na farko ya ci maki 90 a ƙwarewa, ya nemi Naira biliyan 1, na biyu ya ci maki 75, ya nemi Naira miliyan 700. Idan ƙwarewa ce ke da kashi 80, farashi 20, na farko zai tashi da maki 86, na biyu 80. Idan aka raba daidai, 50 da 50, na farko zai samu 80, na biyu 87 da rabi. Kamfanonin ba su canza ba, lamba ɗaya ce a takardar neman tayi ta sauya wanda zai yi nasara. Jami'in da ya rubuta wannan lamba, wanda sau da yawa bai kai muƙamin darakta ba, ya riga ya yanke hukunci mai girma tun kafin fayil ya isa teburin Minista.

Wanda ya karya farashi da Naira miliyan 300 kuma dole ya cike giɓin ta wata hanya. Ko dai ya rage yawan injiniyoyin da zai ajiye a wurin, ko ya tura yara sababbin kammala karatu a madadin manyan da ya gabatar da takardunsu, ko ya dogara da motar ɗan kwangila da ɗakin gwajinsa. Araha ba ta ado.

Sauya ma'aikata bayan an ci kwangila na daga cikin hanyoyin da aka fi yaudarar gwamnati da su. Ana cin maki da sunan injiniya mai shekaru 25 a fagen aiki, ranar fara aiki kuma sai a turo wani. Maganin wannan yana cikin kwangilar: kada a yarda da sauyi sai da rubutacciyar amincewa, kuma wanda zai maye gurbin ya kai na farko ko ya fi shi. Tabbatar da cewa kowane injiniya da kamfaninsa suna da rajista da hukumar COREN, wadda aka kafa tun 1970, aikin 'yan mintuna ne, kuma shi ne matakin farko.

Wa ke biyansa, kuma yaushe?

A tsarin kwangilolin FIDIC, wanda ake amfani da shi a manyan ayyukan da bankunan raya ƙasa ke ba da bashinsu, injiniya yana sanye da hula biyu. Wakilin mai aiki ne, sannan idan aka samu saɓani kan kuɗi ko ƙarin wa'adi, ana sa ran ya yanke hukunci ba tare da ya karkata ga kowa ba. Shi ke auna aikin da aka yi, ya sa hannu a takardar biya, ya ƙi karɓar abin da bai cika ƙa'ida ba, ya ba da shaidar kammalawa.

Mutumin da ke riƙe da wannan iko bai kamata a bar shi da yunwa ba. Dokar Kuɗi ta 2020 ta ɗaga kuɗin kafin alƙalami da za a iya bai wa ɗan kwangila daga kashi 15 zuwa kashi 30 cikin 100. Ke nan mai gini zai iya isa wurin aiki aljihunsa cike, yayin da mai sa masa ido ke jiran takardar biyansa ta fito daga ma'aikata. Dokar 2007 ta ce duk biyan da ya wuce kwana 60 ya zama jinkiri mai jawo kuɗin ruwa, amma tanadin doka ba ya zuba wa mota mai. Yadda aka riƙa tsawaita ɓangaren manyan ayyuka na kasafin 2024 har zuwa ƙarshen 2025, da zanga-zangar da 'yan kwangilar cikin gida suka yi a Abuja kan kuɗaɗensu, sun nuna cewa jinkirin biya ya zama ruwan dare.

Injiniyan da ya yi wata shida babu biya, yana kwana a masaukin da ɗan kwangila ya kama masa, da wuya ya iya buɗe baki ya ce a fasa kankaren mita 200 a sake zubawa. Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski.

Lokacin ɗaukarsa ma abin dubawa ne. Ya kamata injiniyan sa ido ya riga ɗan kwangila isa wurin aiki da watanni, domin ya duba zane, ya tabbatar da alamomin awo, ya ga ko an biya diyyar gonakin da kanal za ta ratsa. Kwangilarsa kuma ta zarce ranar kammala gini, ta haɗa da shekarar da ake jira a ga ko wani aibi zai bayyana. Idan aka ƙara wa mai gini wa'adi aka manta da mai sa ido, aikin zai ci gaba babu mai dubawa.

Na gida ko na waje?

A watan Fabrairun 2018 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a Umarnin Shugaban Ƙasa mai lamba 5, wanda ya ce a fifita ƙwararrun Najeriya a ayyukan kimiyya da injiniyanci. A watan Mayun 2025 Majalisar Zartaswa ta Tarayya ta amince da manufar fifita kayan gida da kamfanonin gida a kwangilolin gwamnati. Masu goyon bayan wannan tsari suna da hujja mai ƙarfi: injiniyan gida ya san ƙasar da yanayin damina, yana jin harshen manoma, kuma yana nan idan aikin ya samu matsala bayan shekara biyar.

Masu ɗari-ɗari su ma ba su rasa abin faɗa ba. Kamfanin gida da gwamnati ce kaɗai abokiyar cinikinsa zai yi tunani sau biyu kafin ya ɓata wa mai faɗa-a-ji rai, domin yana neman kwangilar gaba. An kuma yi shekaru masu yawa ba a gina manyan magudanai ba, don haka waɗanda suka taɓa jagorantar irin wannan aiki daga farko zuwa ƙarshe ba su da yawa.

Tarihin Marte da Bakolori ya nuna cewa zuwa daga ƙasar waje ba shi ne tabbacin inganci ba. Hanyar da ta fi dacewa ita ce haɗin gwiwa na gaskiya, inda aka rubuta a kwangila muƙaman da 'yan gida za su riƙe, aka kuma tura injiniyoyin hukumomin raya koguna su tare a wurin aiki tun daga ranar farko. Su ne za su gaji kanal ɗin, su riƙa buɗe ƙofofinta da yashe ta tare da ƙungiyoyin manoma masu amfani da ruwa. Wanda bai ga yadda aka gina abu ba, zai sha wuyar gyara shi.

Nauyin da ke kan jami'an gwamnati

Dokar 2007 ta ɗora alhakin duk kwangilar ma'aikata a wuyan Babban Sakatare, a hukumomi kuma a wuyan shugaban hukumar. Sashe na 58 ya tanadi ɗaurin da bai gaza shekara 5 ba, babu zaɓin tara, tare da kora daga aiki ga jami'in da aka samu da karya ta. Mai taimaka wa Minista da ya miƙo sunan kamfani a 'yar takarda ba shi zai amsa tambaya ba idan Babban Mai Binciken Kuɗi na Tarayya ya buɗe fayil. Wanda ya sa hannu ne zai amsa.

Kafin a sa wannan hannu, akwai abubuwan da ya kamata fayil ɗin ya nuna a fili. Na farko, cewa kamfanin sa ido ba shi da alaƙar mallaka ko ta kasuwanci da mai gini. Na biyu, sunayen injiniyoyin da za su tare a wurin da adadin watannin da kowanne zai yi. Na uku, cewa motocinsa da masaukinsa da gwaje-gwajensa ba su rataya ga alherin ɗan kwangila ba. Na huɗu, iyakar abin da zai iya yanke wa hukunci nan take, da adadin kwanakin da ma'aikata za ta amsa masa a kan abin da ya fi ƙarfinsa. Na biyar, inshorar da za a kama idan sakacinsa ya jawo asara.

Akwai kuma buƙatar rahotonsa na wata-wata ya isa ga waɗanda abin ya shafa. Gyaran kanal da rani ake yin sa, lokacin da manomin tumatir da alkama da shinkafa ya fi buƙatar ruwa. Duk makon da aka ƙara a kan wa'adin rufe ruwa, asara ce ga dubban gidaje. Ƙungiyar manoman da ta san jadawalin aiki, ta kuma san wanda za ta kai wa ƙorafi, ƙarin ido ce da gwamnati ta samu kyauta.

Babban gwajin na iya zuwa nan gaba. A taron ƙasa da ƙasa kan Tafkin Chadi da aka yi a Abuja a watan Fabrairun 2018, an goyi bayan shirin Transaqua, wato kanal mai tsawon kimanin kilomita 2,400 da za ta jawo ruwa daga rassan Kogin Kwango zuwa tafkin. Ƙasar da ke fatan jagorantar aiki irin wannan, sai ta fara nuna cewa za ta iya ɗaukar injiniyan da zai tsaya a kan kanal ta kilomita 20 a Talata Mafara ko Auyo, a biya shi a kan lokaci, a kuma saurare shi ranar da ya ce a fasa a sake. Bashin SPIN dai sai an biya shi, ko ruwa ya isa gonar ƙarshe ko bai isa ba.